Kafin Ka Ɗauki Tsintsiya

 Ɗana, tun ranar da ka zo gaishe ni ka ce an ɗora maka shirya aikin share unguwar da kamfaninku yake, maganar take yi mini yawo a rai. Ranar zaure cike yake da baƙi, ban samu na ce maka komai ba sai Allah ya taimaka. Amma na karanta takardar da ka miƙo mini. Na ga riguna, na ga huluna, na ga ƙyallen sanarwa da mai ɗaukar hoto da jakunkunan ruwan leda, kowanne da kuɗinsa a gefe. Ƙwazonka ya faranta mini rai, kuma na san ba a banza shugabanninka suka zaɓe ka ba. Abu biyu ne na nema ban gani ba: ban ga inda ka rubuta zuwa wurin mai unguwa ba, ban kuma ga motar da za ta kwashe sharar ba. Su suka sa na zauna rubuta maka wannan, domin a kansu ni da abokan aikina muka taɓa jin kunya, ba na so kai ma ka ji irinta.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Bompai ne. Bayan katangarmu akwai wata kwata da ta gangara ta ratsa cikin unguwa, kullum a cike, warinta har ɗakin da muke cin abinci. Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, muka yi shawara a tsakaninmu cewa za mu yashe ta. Niyyarmu kyakkyawa ce, Allah shaida. Ranar Asabar da sanyin safiya muka fito, mu kusan 50, da shebur da diga da manjagara. Kafin azahar mun tono abin da ban taɓa zaton kwata ɗaya za ta iya haɗiyewa ba: baƙar laka, tsummokara, gwangwanaye, tsinkakkun takalma, mushen kaji. Muka jera shi tsibi-tsibi a bakin hanya, muka wanke hannu, muka yi wa juna sannu, kowa ya kama hanyar gida yana jin ya yi abin kirki. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tambayi wanda zai ɗauke tsibin nan ba. Kowa ya ɗauka wani ya yi maganar mota.

Kafin Litinin kaji da awaki sun baje rabinsa. Daren Laraba hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye, abin da muka tono ya koma inda ya fito, saura kuma ruwa ya tura shi cikin zauren wata tsohuwa da ke tuyar ƙosai a bakin layin. Na gan ta da idona, ta tattare zani, tana tsaye cikin baƙin ruwa har ƙauri, tana kwarfe shi da fasasshiyar ƙwarya, kaskonta da itacenta duk sun jiƙe. Ba ta zage mu ba. Da ta zage mu, da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Da hantsi mai unguwa ya zo ƙofar masaƙar. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya gaishe mu, ya yi mana sannu da wahalar da muka sha, sannan ya ce, "Amma 'ya'yana, wa kuka tambaya?" Muka yi tsit. Ya ce da mun zo wurinsa, da ya nuna mana cewa ciwon kwatar ba a bayan katangarmu yake ba, can gangare yake, a ƙarƙashin wani kwalbati inda tsohuwar katifa da tayoyin mota biyu suka toshe bakin ruwa tun bara. Mutum huɗu sun isa su janyo su cikin awa ɗaya. Mu kuwa mun wuni muna tonon inda ba nan ba.

Ka san aikin gayya. Ko ba ka tashi a ƙauye ba, ka ji labarinsa a bakin kakarka. Mutum gonarsa ta fi ƙarfinsa, ciyawa na neman cinye gero, sai ya kai goro wurin shugaban samari a sa rana. Su fito da fartanya da garma, makaɗa na zuga su, mata na kai fura da tuwo bakin gona. Abin da nake so ka lura da shi, gayya tana da mai ita. Mai gona ne ke gayyata, shi ya san iyakar gonarsa, shi ya san kusurwar da ciyawa ta fi ƙarfi. Ba a taɓa jin samari sun wayi gari sun afka gonar mutum da noma ba da saninsa ba, komai kyawun nufinsu. Unguwar da kuke so ku share ita ma tana da masu ita. A nan aka haife su, a nan suke kwana. Ku ƙarfe takwas kuke zuwa, ƙarfe biyar ku watse.

Saboda haka ka fara da ƙofar mai unguwa, kuma da ƙafarka. Kada ka aika masinja da takarda mai hatimi. Ka nemi wani mai shekaru a cikin ma'aikatanku ya raka ka, ku je bayan la'asar, ku tuɓe takalmi, ku gaisa yadda ya kamata. Ka kula da harshenka a nan ƙwarai. Kada ka ce kun ga unguwar ta yi datti shi ya sa kuka zo taimako. Ba wanda ke son baƙo ya nuna masa ƙazantar ƙofar gidansa. Ka ce masa, ranka ya daɗe, mu maƙwabtanku ne, shekaru muna cin arziki a unguwar nan, muna so mu sa hannu a aikin tsaftarta, ina kuke ganin ya fi dacewa a fara? Daga nan ka yi shiru ka saurara, ko da ya ja maganar da nisa. Shi zai sanar da dagaci idan aikin ya kai haka. Shi zai gaya wa liman ya yi sanarwa bayan salla. Shi ne kuma zai haɗa ka da samarin unguwar. Da wuya ka samu unguwa a Kano da ba ta da ƙungiyar taimakon kai da kai, yara masu zuciya waɗanda duk shekara suke shiga lambatu da aron shebur, ba ko sisi. Suna da ƙarfi da sanin wurin, ba su da kayan aiki. Ku kuna da kuɗin kayan aiki, ba ku san wurin ba. Idan kuka tsallake su kuka yi naku, za su tsaya a bakin layi suna kallonku, ba kuma za ka ga laifinsu ba.

Akwai kuma waɗanda ba za ka same su a zauren mai unguwa ba, alhali su suka fi kowa sanin labarin sharar: matan gida. Ka roƙi mata biyu ko uku daga cikin abokan aikinka su shiga gidaje su gaisa, su tambaya ina ake kai shara. Za su ji abin da zai buɗe muku ido. Wata za ta ce bola ta yi nisa, yaro ƙarami ba zai iya tsallaka titi da kwando ba. Wata za ta ce mai baro kuɗi yake karɓa, ba kullum ake da su ba. Wata za ta gaya maka gaskiya cewa jiran ruwan sama ake yi, da ya kece a zazzage kwando a kwata, ruwa ya tafi da ita. Mutane ba son datti suke yi ba, ɗana. Yawanci wurin zubarwa ne babu. Idan ba ka gano dalilin da ke kawo shara wurin ba, sati biyu ya yi yawa ta dawo.

Sannan ka zaga da ƙafa, ka bar mota a ofis. Ka bi ruwa ka ga inda yake nufa. Yasar kwata daga gangare ake fara ta, daga inda ruwan zai fita, a riƙa hawowa sama. Idan ka fara daga tudu, duk abin da ka saki kan ƙofar na ƙasa zai taru, kamar yadda muka yi wa mai ƙosan nan.

A cikin zagayen ka tsaya a ƙofar kamfaninku lokacin cin abincin rana, ka yi minti goma kana kallo kawai. Ka ga mai shinkafa da wake, ka ga mai shayi, ka ga mai rake. Ka ga abokin aikinka mai gogaggiyar riga ya tsotse ledar fiya wata ya sake ta a ƙasa ko waiwaye babu, wani ya gama da robar abinci ya tura ta ƙarƙashin benci. Masu abincin nan saboda ku suka kafa tebur a wurin. Yawancin dattin da ke kewaye da katangarku naku ne, iska ce kawai ta rarraba shi ƙofar mutane. Na faɗi wannan don ka san matsayinka: bashi za ku biya. Malamai sun karantar da mu girman haƙƙin maƙwabci, sun kuma karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, har ma yana cikin rassan imani. Wanda ya fito da wannan sanin a zuciyarsa, ko gaisuwarsa daban take da ta wanda ya fito yi wa talakawa alfarma, kuma mutanen unguwa suna gane bambancin tun daga nesa.

Yanzu maganar mota, wadda ita ce rabin aikin. Kada a tsoma shebur a kwata sai ka san inda sharar za ta kwana. Ka rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, sannan ka bi takardar da kanka. Ka san jami'in da ke kula da shiyyarku, ka karɓi lambar wayarsa, ku tsayar da rana da lokaci. Duk da haka ka ware kuɗin hayar tifa a cikin kasafin, domin gari babba ne, motoci ba sa isa, mota kuma takan lalace. Idan kuɗin bai kai ba, ka soke huluna, ka rage riguna. Sawun tifa ɗaya ya fi wa unguwar amfani a kan riga 100.

Kuma ka tambayi direban inda zai juye. Kada ka ji nauyin tambayar, ka ma sa mutum ɗaya ya bi motar. Akwai direban da zai karɓi kuɗin zuwa bolar da hukuma ta ware, ya sha kwana ya zazzage a kududdufi mafi kusa ko a bakin rafi. Mu da muka tashi a cikin birni mun san amfanin kududdufan nan. Ramukan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini ne, su ke shanye ruwan damina. Da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba, shi ya sa yake shiga ɗakunan mutane. Abin da aka jefa a kwatocin birni rafin Jakara yake bi, ya nufi madatsar Wasai ta wajen Minjibir, a hanya kuma masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi, kayan su dawo kasuwa mu saya. Idan kuka kwashe daga ƙofar wasu kuka zuba a ƙofar wasu, wahalar banza kuka sha.

Ku auna abin da za ku tono da abin da za ku iya kwashewa. Layi biyu da aka yashe aka kwashe tas sun fi layi goma da aka bar musu tsibi. Jiƙaƙƙiyar laka nauyi gare ta, tana kuma tsiyaya daga mota. Idan rani ne ba laifi a bar ta kwana ɗaya ta tsane, muddin mota na nan zuwa gobe. Idan hadari ya fara yawo, ko kwana ɗayan ma kada ku yarda. Wani kuma zai ce a cinna wa tsibin wuta a huta. Kada ka amince. Hayaƙin leda da roba da taya guba ne, kuma ba ku za ku shaƙe shi ba, ku kun tafi gida. Jarirai da tsofaffi da masu asma na layin ne za su kwana a cikinsa.

Batun rana: ruwan Kano yakan kankama daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Watan Afrilu ko Mayu shi ne lokacin yasar kwata, sai dai zafin rana a lokacin ba wasa ba ne, don haka ku fara bayan asuba, kafin ƙarfe 11 kun tashi. Kada a sa cikin azumi. Kana iya haɗawa da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, mutanen unguwa duk suna gida. Amma ka gaya wa ma'aikata su iso kafin bakwai, ka kuma sani ranar kowa motar shara yake nema. Na san manyanku za su fi son ranar da duniya ta sani, kamar 5 ga Yuni, ranar muhalli, ko 20 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin irin wannan aiki. Ita ta biyun tushenta ƙasar Estoniya ne, inda a 2008 mutum wajen 50,000 suka fito rana ɗaya suka kwashe jujin da aka zubar a dazuzzukansu. Abin sha'awa ne. Sai dai a wurinmu 20 ga Satumba damina ta kusa ɗaukewa, ɓarnar da za a yi an riga an yi ta. Ku yi babban aikin kafin ruwa, ku ajiye Satumba ta zama ranar komawa.

Kada ka ga kamar na tsananta a kan 'yar shara. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohinmu na Arewa, Bauchi da Kano da Jigawa, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta sananniya ce: kwata ta toshe, ruwa ya tumbatsa ya haɗu da na masai, ya gangara rijiya ko ya shiga fasasshen bututun famfo da ke kwance a cikin lambatu. Kowane gwangwani da tsohuwar taya da ke riƙe ruwa kuma ɗakin haihuwar sauro ne. A daminar 2022 ka ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira. Hanyar ruwa idan ta toshe, ba ta tambayar wane ne mai kuɗi.

Wannan ya kawo ni kan lafiyar waɗanda za ka fito da su, domin amana ce a wuyanka. Kowa ya samu safar hannu mai kauri da takunkumi. Wanda zai shiga kwata sai da dogon takalmin roba, silifas ba ya tare ƙusa ko fasasshiyar kwalba. A kusa da kemis za ku tsinci allurai, kada a jefa su a buhu su soki mai ɗauka. A tanadi jarka mai murfi domin su. Kada ka bar kowa ya kutsa cikin rufaffen kwalbati, domin iskar da ke taruwa a ciki tana iya sumar da ƙato kafin ya yi ihu. Daga waje ake janyo abin da ya toshe da ƙugiya da dogon ƙarfe. A ajiye ruwa da sabulu da akwatin magani. Wanda ƙarfe ya yanka a wanke nan take, a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, kada a ce ɗan ƙwarzane ne.

Ruwan shan ma ka sake tunani. Ka rubuta jakunkunan ruwan leda. Idan mutum 80 kowa ya sha uku, kun kawo wa unguwar sabuwar leda 240 a ranar da kuka zo kwashe ta. Ka sa a cika manyan kuloli da ruwa mai sanyi, a kawo kofuna. Abincin kuwa ka ba matan unguwar kwangilarsa, koko da ƙosai da safe, a faranti, kuɗin ya tsaya a layin.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka tsaya a kai ko da zai yi maka wuya: manya su yi aiki. Na sha ganin irin wannan taro, manaja ya riƙe sabuwar tsintsiya minti biyar a ɗauki hoto ya shige mota, a bar masinja da maigadi da leburori, waɗanda dama su ke share ofis kullum, su ƙarasa a ranar hutunsu. Wannan zalunci ne da aka sa wa riga mai kyau. Ka je wurin shugabanku cikin ladabi ka ce masa, yallaɓai, idan mutane suka gan ka da baro awa ɗaya, ya fi duk jawabin da za a yi. Kada kuma a tilasta wa kowa fitowa, gayya da son rai ake yin ta. Almajirai za su taru, su kama aiki ba tare da an sa su ba. Kada a tura yaro cikin kwata. Wanda ya yi abin da ya dace da ƙarfinsa, a ba shi safar hannu kamar kowa, a ciyar da shi, a sallame shi da hakkinsa. Hoto kuma ba laifi ba ne, kamfani na son a san ya yi, amma kada a ɗauki ƙofar gidan mutum ko fuskar 'ya'yansa a watsa a Facebook ba da izininsa ba.

Ka gayyaci 'yan jari bola na yankin tun kafin ranar. Ƙarfe da gwangwani da roba kuɗi ne a wurinsu, a kilo suke sayarwa, za su rage muku kaya su kuma samu na abinci. Idan ka ware buhu daban domin robobin ruwa, aikinsu ya yi sauƙi. Leda ce dai ba mai so. Da can sharar Kano taki ce. Muna yara muna ganin jakuna da mangala suna fita da ita ta ƙofofin gari zuwa gonaki, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, manomi har godiya yake yi. Yanzu sai ya tsince leda kafin ya watsa. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a juji, zai nuna maka dunƙulen leda kamar ƙwallo, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba.

Na ga zamanin dubagari, yana shiga gida gida yana leƙa randa da masai, mata na jin an ce ga shi nan sai a hau shara. Na ga 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka ƙara da babin tsaftar muhalli, wanda daga gare shi sharar ƙarshen wata ta samo asali. Gari ya yi fes, ba ƙarya. Amma da yawanmu tsoron soja ne ya sa mu shara, da tsoron ya gushe sai juji ya dawo wurinsa. Kai ba ka da bulala, ba ka da ikon cin tara, ni kuma ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, domin abin da mutane suka yi don sun yarda da shi ya fi daɗewa. A Ruwanda, wadda ta haramta leda tun 2008, suna da aikin gayya na ƙasa baki ɗaya a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, suna ce masa Umuganda. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu, idan an gama aiki ba a watsewa, sai a zauna a tattauna matsalolin unguwa. Ka ari wannan. Bayan an wanke hannu, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, ku da mai unguwa da samari ku ci abinci tare, a yi maganar wa zai kula da me daga yau.

A wurin zaman nan ne aikin zai samu gindin zama. Shebur da baro da manjagara da takalman da kuka saya, kada su koma sito su yi tsatsa. Ku damƙa su ga ƙungiyar samarin a gaban mai unguwa, a rubuta adadinsu. Idan za ku ajiye durom na zuba shara a bakin layi, ku fara sanin wanda zai riƙa kwashe shi da wanda zai biya shi duk wata, domin durom ɗin da ba a kwashewa sabuwar bola ce kuka kafa wa mutane. Ku fara da ƙofarku: kwando a gefen kowane mai abinci, kuma ma'aikacinku ya ji kunyar a gan shi yana yar da leda. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, ka fita da safe ka bi kwatar daga sama har ƙasa ka ga ko ruwa ya wuce. Idan ya tsaya a wani wuri, ka koma wurin mai unguwa a ranar.

Mu ma daga baya mun koma. Dattijon nan ya haɗa mu da samarinsa, muka janyo katifar da tayoyin, muka yi karo-karo muka ɗauki tifa, muka kuma saya wa tsohuwar itace da sabon kasko, muka ba ta haƙuri. Shekarun da na ƙara a masaƙar, duk ƙarshen rani tare muke yasar kwatar, ruwa bai sake shiga zaurenta ba.

Ga Afrilu ta matso, ɗana. Ka ajiye maganar riguna tukuna, ka je wurin mai unguwa a cikin makon nan. Idan kun tsayar da rana ka aiko mini, in Allah ya ba ni lafiya zan zo in riƙe muku buhu. Allah ya yi maka albarka, ya sa a gama lafiya.